Kalangu a Gilashi, Kalangu a Hammata

A bakin kogin Seine a birnin Paris, 'yar tafiya kaɗan daga hasumiyar Eiffel, akwai gidan tarihi na Quai Branly. An buɗe shi a 2006, zamanin Shugaba Jacques Chirac, domin adana kayan al'adun Afirka da Asiya da nahiyar Amurka da tsibiran tekun Pasifik. Da shigarka za ka ci karo da wani dogon rumbu na gilashi da ya huda benaye ya yi sama, an jera kayan kiɗa kusan 10,000 a cikinsa: ganguna, da sarewa, da ƙaho, da dangin molo da goge daga ko'ina a duniya. An rage hasken fitila don kada fata da itace su lalace. Ana leƙawa, ana wucewa, ba mai taɓawa.

Mukan ce gani ya kori ji, kuma a yawancin al'amura haka ne. A gaban kayan kiɗa kam, karin maganar ba ta ci ba. Ɗauki kalangu. Wanda ya gan shi kwance a kan farin katako zai ga itace mai siririn ƙugu, da fata a kowane baki, da igiyoyin da suka haɗa wannan bakin da wancan. 'Yar takardar da ke gefe za ta gaya masa sunansa, da ƙasar da ya fito, da shekarar da aka kawo shi. Duk gaskiya ne, amma har yanzu bai san kalangu ba, domin kalangu a hammata yake. Makaɗi ya matse tsarkiya murya ta hau, ya sassauta ta sauka, da wannan hawa da sauka yake kwaikwayon harshe har ya kira sunan mutum ya yi masa take. Mahauci ya ji ya tsuma, ɗan dambe ya ji ya faɗo fage. Na taɓa kai ɗan ƙanwata wani gidan tarihi yana da shekara 6, muka tsaya a gaban wata ganga. Ya daɗe yana kallonta, can ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ina mai ita?" Na ce ba ya nan. Ya ce, "To wa zai buga?" Bai jira amsa ba, ya ja hannuna muka yi gaba.

Irin wannan tambayar ce ta dami wani babban mutum a Amurka shekaru kusan 60 da suka wuce. S. Dillon Ripley masanin tsuntsaye ne, kuma a 1964 ya zama shugaban cibiyar Smithsonian, wato rukunin gidajen tarihin nan na birnin Washinton da aka kafa a 1846 da wasiyyar wani Bature ɗan Ingila, James Smithson, wanda bai taɓa taka Amurka ba. Ripley ya ga gidajen nasa sun cika da kaya amma sun yi sanyi, ya ce a fito da kayan daga akwatunansu a bar su su yi waƙa. A 1967, tare da Ralph Rinzler, wani makaɗi mai yawon binciken waƙoƙin karkara, aka fara bikin al'adun gargajiya a babban filin nan da ke tsakanin ginin majalisar dokoki da dogon ginshiƙin tunawa da George Washington, gidajen tarihin kuma suna jere hagu da dama. An fara da al'adun Amurkawa kansu, daga baya aka riƙa gayyato wasu ƙasashe. Shekaru da yawa kwana 10 aka riƙa yi, a raba su gida biyu, a ƙarshen Yuni da farkon Yuli, a haɗa da ranar bikin 'yancin ƙasar, 4 ga Yuli. Ba a biyan ko sisi a ƙofa, ƙofar ma babu ita.

Zaɓen lokacin ba banza ba ne. Abin da suke kira lokacin zafi, wanda kafofin labaranmu kan fassara da bazara ko da yake bai yi daidai da tamu bazarar ba, shi ne 'yan watannin da mutanen ƙasashen sanyi ke iya zama a waje ba tare da jibgin riguna ba. Rana takan kai ƙarfe 8 ko 9 na dare ba ta faɗi ba, makarantu suna dogon hutu, iyaye suna neman inda za su kai yara. Shi ya sa gidajen tarihi da yawa a Turai da Amurka kan fito da shirye-shiryensu lambu ko farfajiya a wannan lokaci, da kiɗa, da tatsuniya, da wasan 'yar tsana. Quai Branly ɗin ma yana da lambu mai faɗi da zauren wasanni. Ke nan hanyoyi biyu ake bi a nuna wa yaro cewa akwai wasu mutane a duniya ban da 'yan unguwarsu: akwatin gilashi da ke cikin gini, da dandalin da ke waje. Na daɗe ina auna su, kuma ma'aunin nawa bai tsaya daidai ba.

Abin da dandali ya fi iyawa shi ne nuna aiki yana gudana. A 2015, da aka gayyaci ƙasar Peru, an zo da mutanen da ke saƙa gadar Q'eswachaka. Gada ce ta ciyawa zalla, tsawonta ya kusa mita 30, tana lilo a saman kogin Apurímac tun zamanin daular Inka, kuma duk shekara a watan Yuni ƙauyukan yankin kan taru su yanke tsohuwar su saƙa sabuwa cikin 'yan kwanaki. A filin Washinton suka zauna suka murza ciyawa ta zama igiya, igiya ta zama kauri kamar cinyar mutum, har gada ta miƙe a gaban jama'a. Yaron da ya zo ranar farko ya ga tarin ciyawa, in ya dawo a ƙarshen biki sai ya tarar da abin takawa. A 2003, shekarar ƙasar Mali, maginan birnin Jenne ne suka kwaɓa laka suka tayar da ƙofar gari irin tasu. A 2008 mutanen Butan suka kafa ɗakin ibadarsu na katako mai zane, wanda bayan biki aka kwashe aka sake harhaɗa shi a wata jami'a a El Paso ta jihar Texas. A 2002 kuwa, ƙasa da shekara guda bayan harin 11 ga Satumba, lokacin da Amurkawa da yawa ke kallon duk mai rawani da tsoro, aka ba da bikin kacokan ga tsohuwar Hanyar Siliki. Masaƙa da makaɗa da masu girki daga ƙasashe fiye da 20 suka zo, har da masu zanen manyan motoci na Pakistan, mutane sama da miliyan ɗaya suka halarta.

Duk wanda ya san yara ya san dalilin da wannan ke kama su. Yaro da jikinsa yake koyo. Yana so ya ji warin laka, ya ga gumi a goshin magini, ya ji ganga tana dukan ƙirjinsa. A cikin gini kuwa, kalma uku yake ji daga shiga har fita: kar ka taɓa, kar ka gudu, yi shiru. Uwa mai goyo da ke jan yara biyu takan fito a gajiye kamar wadda ta yi surfe, rabin hankalinta yana kan mai gadi. A fili babu wannan fargaba. Jariri ya yi kuka kiɗa ya haɗiye kukan, kaka ta samu inuwa ta zauna, ƙaramin ya tashi ya yi rawar da ba ta dace da kiɗan ba, ba wanda ya harare shi. Babban abin kuma, mai ita yana nan. Yaro na iya tambayarsa ko hannunsa ba ya ciwo, ko shi ma yana da ɗa, me ake ci a garinsu da safe. Baƙon da ya amsa irin waɗannan tambayoyi yana dariya ya daina zama hoto a littafi.

Sai dai dandali yana da nasa ha'inci, kuma mu Hausawa mun fi kowa iya gane shi, domin kiɗanmu kusan kowanne da gurbinsa. Tambari na sarki ne, ba a buga shi don wani ya ji daɗi. Kakaki da algaita sai fada. Gangar noma tana da ma'ana ne a gona, gayya tana gaba makaɗi na biye yana zuga wanda ya fi kowa cin kunya. Shantu na mata ne a cikin gida. Tashe sai azumi ya kai goma. In ka kwashe waɗannan duka ka jera su a kan katako ɗaya, kowanne ka ba shi minti 20 tsakanin azahar da la'asar, sauti dai zai fita, amma an cire kowanne daga abin da ya haife shi. Mai kallo zai tafa wa tambari yadda ya tafa wa shantu. Haka ake yi wa kowace al'umma da aka hau da ita dandali: rawar da a gida ake kwana uku ana yi don jana'izar dattijo, a nan an datse ta don ta shiga jadawali, an kuma zaɓo gurbin da ya fi tsalle-tsalle.

Zaɓen ma abin dubawa ne. Dandali yana son launi, da motsi, da ƙara. Abin da ba ya rawa da wuya ya samu gurbi. Ta yaya za ka nuna kunya a kan dandali, ko kara, ko yadda Bahaushiya ba ta faɗin sunan ɗan fari? Ta yaya za ka nuna fatauci, da amanar da ke sa ɗan kasuwar Kano ya aika kaya Agadas ba takarda? Malamin da ya shekara 40 yana rubutun ajami ba shi da abin burge yaro a minti biyar. Sakamakon haka, yaron Turai da ya halarci wasannin lokacin zafi uku ko huɗu zai iya tashi da tunanin cewa mutanen Afirka kullum cikin fenti da gashin tsuntsu suke suna rawa, Indiyawa kullum cikin biki, ba mai zuwa ofis, ba mai biyan kuɗin makaranta. Ga kuma hannun gwamnatoci. Ƙasar da aka gayyata takan sa kuɗinta a shirin, wanda ya biya makaɗi kuwa shi ke zaɓen take. Ba kasafai gwamnati ke turo ƙabilar da take rikici da ita ba, in ma ta turo, cikin kayan ado za ta turo ta.

Akwai kuma tarihin da ya sa jikina kan yi sanyi duk lokacin da na ga an kafa rumfa an zaunar da baƙi ana kallonsu. A 1897 Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya sa aka kwaso mutanen Kwango 267 aka zuba su a bukkokin da aka gina a Tervuren, bayan garin Brussels, jama'a na zuwa kallo daga bayan shinge. Bakwai daga cikinsu a can suka mutu, kaburburansu na nan a gefen majami'ar garin. Har a 1958, a baje kolin duniya na Brussels, an sake kafa ƙauyen 'yan Kwango. Mu ma abin bai tsallake mu ba. A 1924 da 1925 Ingila ta yi gagarumin baje kolin daularta a Wembley, wanda dominsa aka gina tsohon filin ƙwallon da matasanmu suka san sunansa. A ciki aka tayar da birni mai ganuwa, kwaikwayon biranen arewacin Nijeriya, aka kawo masaƙa da dukawa da sauran masu sana'a daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo suna aiki ana kallo. Miliyoyin mutane suka zo, iyalai da yaransu, a lokacin zafi. Irin rubutun raini da jaridun Landan suka yi a kan baƙin ya fusata ɗaliban Afirka ta Yamma da ke karatu a can, suka kai ƙara, kuma wannan fushin yana cikin abubuwan da suka kai Ladipo Solanke da abokansa ga kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925.

To mene ne bambancin badukun Wembley da maginin Jenne a Washinton? Dukansu an ɗauko su daga gida, dukansu suna aiki a gaban baƙin idanu. Wanda ya ce babu alaƙa bai yi adalci ba, kuma masu shirya bikin Smithsonian kansu sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya. Bambancin da nake gani a baki yake. A Wembley, takardar da hukumar mulkin mallaka ta buga ita ke bayani, baduku hannu kawai ya kawo. A Washinton an ware rumfuna na zama a yi hira, inda mai sana'a ke riƙe abin magana, da tafinta a gefensa, ya faɗi sunansa da na wanda ya koya masa, ya faɗi abin da ke damun sana'ar, ya musa wa mai tambaya in ya yi kuskure. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma sai an bar masa bakin. Duk dandalin da aka hau, aka yi kiɗa, aka tafa, aka sauka aka shige mota ba tare da wani ya ji muryar makaɗin yana magana ba, to jikan Wembley ne ko da an yi shi bana. Wannan ne ma'aunin da zan ba duk uban da ke tunanin kai 'ya'yansa: ya duba jadawali ya gani ko akwai lokacin tambaya.

In na koma cikin gini, ba na son a ɗauka na raina akwatin gilashi. Yana da abin da dandali ba zai taɓa samu ba, wato zurfin zamani. Mutanen da suka gasa kawunan yumɓu na Nok, waɗanda Bernard Fagg ya tattara har aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952, sun shuɗe fiye da shekara 2,000, ba wanda zai gayyato su biki. Kwale-kwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987, a yankin da ke jihar Yobe yanzu, ya kai kimanin shekara 8,000. Ba ya kiɗa, ba ya rawa, amma yaron da aka tsayar a gabansa aka ce masa wani ya sassaƙa wannan tun kafin a gina dalar Masar, ya samu abin da zai yi ta juyawa a ransa. Dandali yau kawai ya sani. Yakan sa a ɗauka al'ada abu ce da take haka tun fil azal, alhali akwati na iya jera maka riga ta 1850 da ta 1950 ka ga yadda aska da zare suka sauya.

Gilashi kuma yana da haƙuri. Biki 'yan kwanaki ne, wanda bai samu zuwa ba sai baɗi, baɗin ma wata ƙasa ce daban. Akwati yana nan ranar Talata da safe a tsakiyar hunturu. Akwai yaran da hayaniya ke firgita su, masu son su tsaya minti 15 a gaban abu guda suna zana shi a littafi, kuma ban ga dalilin da zai sa a ce nasu koyon bai kai na masu tsalle ba. Sannan akwai kwatanci. Gidan tarihi na Pitt Rivers a Oxford, wanda aka kafa a 1884, ba ƙasa-ƙasa ya jera kayansa ba, aiki-aiki ya jera su: ga akwatin abubuwan kunna wuta daga ko'ina, ga na makullai, ga na fitilu, ga na layu. Janar Pitt Rivers da ya ba da kayan manufarsa ita ce ya nuna wai ɗan Adam ya taso daga ƙauyanci ya hau har ya kai Bature, manufar da gidan ya yi watsi da ita tuni. Amma jerin ya ci gaba da koyar da wani abu da shi bai nufa ba. Yaro ya ga laya daga ƙauyen Ingila kusa da laya daga Afirka, ya gane cewa kowa na tsoron maita da baki, kowa ya nemi dabara. Babu dandalin da zai iya tara ƙasa 30 a faɗin tabarma ɗaya haka.

Laifin akwati shi ne ba ya son a tambaye shi yadda abin ya shigo. Yara kuwa su ne gwanayen wannan tambaya: wa ya ba ku? A Quai Branly ɗin nan aka daɗe ana ajiye da Djidji Ayôkwé, gangar magana ta mutanen yankin Abijan, gungume guda mai tsawon fiye da mita 3 da nauyin kilo 430. Da ita ƙauyuka ke sanar da juna in masu kamen aikin tilas sun tunkaro, shi ya sa Faransawa suka ƙwace ta a 1916. Sai a 2025 majalisar Faransa ta amince da dokar mayar da ita Kwaddibuwa. Kafin nan, a 2021, gidan ya mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey guda 26 da sojojin Faransa suka kwashe a 1892. Ganga irin wannan shirunta ba na tsufa ba ne, rufe mata baki aka yi da gangan. In dandali na da Tervuren a bayansa, akwati na da wannan. Ba wanda hannunsa ke da tsabta a cikinsu, abin da ya rage shi ne wanne ya fi saurin amsa laifi, kuma a 'yan shekarun nan dukansu sun fara.

Akwai gidajen da suka ƙi zaɓen ɗaya. Horniman a kudancin Landan, wanda wani attajirin ganyen shayi ya buɗe wa jama'a a 1901, yana da tarin kayan kiɗa a gilashi da na'urar da za ka ji sautinsu, yana da ɗakin da aka ware kayan da yara za su ɗauka su juya su buga, yana kuma da lambu mai rumfar makaɗa inda ake wasanni a lokacin zafi. A 2022 ya miƙa wa Nijeriya mallakar kayan Binin guda 72. Wannan ya fi kusa da abin da nake so.

Amma in aka tsare ni aka ce yini ɗaya ne, yaron kuma bai kai shekara 10 ba, dandali zan kai shi, ba na ko tantama. Dalilina na jeri ne. Yaron da ya fara ganin makaɗi, in ya shiga gini ya tarar da ganga a gilashi, kunnensa zai cike gurbin, zai ma ja ƙanensa ya ce ka ga irin ta mutumin nan. Wanda ya fara da gilashi kuwa itace da fata ya gani, ya wuce, kamar ɗan ƙanwata. Hikimar bikin Washinton ke nan da ba a cika faɗa ba: filin yana tsakiyar gidajen tarihin ne, shigarsu kyauta, zafin Yuli kuma ba ya barin mutum ya yi awa uku a waje. Dole iyali su nemi sanyi a cikin gini, su shiga da sautin da suka ji a kunnensu. Daga shekara 12 zuwa sama sai ma'aunin ya fara karkata, domin a lokacin yaro ya isa a gaya masa labarin 1897 da 1916, kuma a gaban akwati ake irin wannan hira.

Kada a ɗauka dabarar ta Turawa ce kaɗai. Gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, tun 1959 aka kafa shi, ya riga bikin Washinton da shekara 8. Fili ne mai faɗi da ɗakunan nuni a warwatse, da gidajen gargajiya na ƙabilun Nijar, da namun daji, da ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a hamada, da gawar itacen nan na Tenere da wata mota ta kayar a 1973, ga kuma maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki suna sayarwa a ciki. Ranar salla yara ne ke cika shi. A Kano akwai Gidan Makama a gefen fada da Gidan Ɗan Hausa, a Jos akwai filin da aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Zariya. Wurare dai muna da su. Abin da na lura shi ne kanmu muke nuna wa kanmu. Yaron Kano ya je ya ga kayan kakanninsa, abu mai kyau, amma Indiya sai a fina-finai masu fassara ya san ta, Sin sai a jikin kwalin waya, Yarbawa da Ibo kuma sai abin da ya ji ana faɗa a majalisa, wanda galibi ba alheri ba ne.

Alhali ba ma bukatar jirgi. Duniya na zaune a Sabon Gari da Fagge da Kantin Kwari. Akwai makaɗin gangan na Yarbawa da za a iya zaunarwa kusa da makaɗin kalangu, yara su ga 'yan uwa biyu masu ƙugu ɗaya suna magana da harshe biyu. Akwai Buzu maƙerin azurfa, akwai zuriyar Kwarori da suka yi shekara ɗari a garin, akwai Indiyawa da 'yan Sin, akwai ɗaliban Sudan da Chadi. Iyayen da ba sa son kiɗa, kuma suna da yawa a cikinmu, ba a rasa abin ba su ba: saƙa, da girki, da rubutun hannu, da gini, waɗanda a Washinton ma su suka fi riƙe yara.

Matsalar da za a fara cin karo da ita ta yanayi ce. Dogon hutunmu a Agusta yake faɗowa, tsakiyar damina, lokacin da hadari ke haɗuwa bayan azahar ba sallama. Sai an nemi zaure mai rufi ko rumfa mai ƙarfi, a sa wasan da hantsi ko tsakanin la'asar da magariba. Laima kuma tana kwantar da fatar ganga, murya ta dushe. Shi ya sa za ka ga makaɗan ganga a damina sun nemi garwashi ko sun kunna 'yar wuta da karmami, suna kara fatar a kai suna juyawa, suna ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa suna saurare har ta ɗaure. A tanadar musu kasko da gawayi a gefen zauren, a kuma buɗe ƙofa tun lokacin, kafin a fara, domin yara su taras ana gashin.